Jan Maficin da Ban Ɗaga Ba

Bari in fara da abin da zai rage mini ƙima, tunda wasunku sun riga sun ga bidiyon: ina rina gemuna. Ba kullum ba, sai in furfurar ta fara yi mini rashin kunya. Wani ɗan kwalin rini nake saya a shagon wata mata a unguwar Dengfeng, da hoton wani saurayi a jiki yana murmushi kamar an yi masa albishir. An rubuta a kwalin cewa rinin ba ya zuba. Wanda ya rubuta haka bai taɓa tsayawa cikin zafin birnin Guangzhou na China da falmaran a kan shadda ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Munkaila, ɗan Fagge, na kusa hamsin. Aikina haɗa wa 'yan kasuwarmu kaya, in raka kwantena har tashar jiragen ruwa ta Huangpu in ga an rufe ta. Na taɓa aure. Matar ta gaji da zama da waya, ta ce in dai muryata kawai za ta riƙa ji, rediyo ya fi ni sauƙin sha'ani. Muka rabu ba faɗa. Tun daga nan Yaya Halimatu, babbar yayarmu, ta mai da aurar da ni sana'arta. Duk Juma'a sai hoton bazawara ya shigo wayata daga Kano, da bayani a ƙasa: wannan malamar makaranta ce, wannan ta iya dambun nama, wannan ba ta da surutu. Ni kuwa in amsa da "Allah ya zaɓa mafi alheri, Yaya," in kife wayar.

Hawan jini ne ya kai ni lambun. Likita ya ce in riƙa tafiyar ƙasa, na samu wani lambu mai tafki ba nisa da unguwarmu, nake zagaya shi da safe kamar mai neman abin da ya yar. A can tsofaffin garin suke taruwa ƙarƙashin manyan bishiyoyi, wasu na rawa a hankali, wasu na waƙa. Wata rana na ga wata tsohuwa tana kokawa da lasifika, na kama mata. Ta dubi kafaɗuna irin duban da ake yi wa jaki a kasuwa, washegari ta miƙo mini jar falmaran. Ita ce Anti Liang, tsohuwar malamar makaranta, shugabar masu aikin sa kai da ke shirya kiɗa da waƙa a lambun. Ba mai biyansu ko sisi. Su suke jera kujeru, su ja waya, su share wuri, su je ofishin lambu su roƙo izini a kowane biki.

Da ɗaukar kujeru na fara, daga baya aka yi mini ƙarin girma. Tsohon China in ya riƙe makirfo, sai dai a ƙwace. Saboda haka ake tsayar da mutum ɗaya a gaban dandamali da mafici biyu. In ya ɗaga rawaya, mai waƙa ya fara naɗe tabarmarsa. In ya ɗaga ja, mai kula da na'ura ya kashe sauti nan take, ko wane ne a sama. Ni aka ba wannan aikin, wai don na fi kowa tsawo kuma ba na jin abin da ake rerawa balle tausayi ya kama ni. Tunda nake a duniya ban taɓa riƙe mulki irin wannan ba.

A nan na san Ruƙayyatu.

Na daɗe ina cin tuwonta ban san fuskarta ba. 'Yar Maraɗi ce, tana dafa abinci a ɗakinta tana aika wa 'yan kasuwa a robobi. Mijinta, Moussa, ya rasu a nan garin, zuciyarsa ta tsaya yana tsakiyar ciniki. Ta fita takaba ta ci gaba da zama, don da tukunyar nan take riƙe kanta. 'Yarta ɗaya, Saffana, tana Maraɗi a hannun wan mijin, Alhaji Tankari, wanda ya ce zai turo mata yarinyar in ya ga zamanta na mutunci ne. Bai faɗi ranar da zai gama gani ba. Duk abin da take yi a garin nan, har yadda take yafa mayafi, don idon mutumin nan take yi, shi da yake wata duniya.

Da safe takan biyo ta lambun in ta dawo daga cefane, ta zauna nesa kaɗan tana sauraron tsoho Chen, wani mai goge irin nasu mai tsirkiya biyu. Ranar da na fara lura da ita, yatsunta ne ke bin kiɗan a kan murfin roba, ita ba ta ma sani ba. Anti Liang ta gani. Ba ta barin irin wannan ya wuce ta. Kafin wani lokaci an samo baho an cika shi da ruwa, an kife ƙaramar roba a ciki tunda babu ƙwarya a Guangzhou, an ba Ruƙayyatu tsinkayen cin abinci guda biyu. Ta ce kakarta ce ta koya mata kiɗan ƙwarya tana ƙarama, rabonta da shi tun kafin aure. Da ta buga, tsoho Chen ya rufe ido ya bi ta da gogensa. Ni kuma, da kujeru huɗu a kafaɗa, na tsaya kamar an dasa ni.

Daga ranar na koma rina gemu duk mako.

Ba wata hira mai tsawo muke yi ba. In raka ta bakin titi da kayan cefane, ta ce "Merci, Alhaji." In tura mata saƙo da yamma in ce miyar yau ta yi daɗi, ta turo hoton hannu biyu na addu'a. Na adana hotunan hannayen nan kamar takardun fili. Sau ɗaya ta yi dariya sosai, ranar da na gwada yi wa tsoho Chen Sinanci ya amsa mini da Turanci don ya huta.

Da bikin wata ya matso, wanda suke yi da kaka suna rabon wani kek mai nauyi kamar bulo, Anti Liang ta ce lallai sai Ruƙayyatu ta hau dandamali. Ta ƙi. Aka yi ta lallashi, ni ne tafinta. Daga ƙarshe ta ja ni gefe, ta yi magana ƙasa-ƙasa tana kallon tafki.

"Alhaji, zan yi, don tsohuwar nan ta riƙe ni kamar ɗiyarta. Amma kada Bahaushe ko ɗaya ya sani. In hoto ya kai Maraɗi, Tankari ya samu abin da yake nema."

"Ba wanda zai ji," na ce. "Kuma ko wani ya ɓullo, ni ke riƙe da ja. Ina ɗagawa an kashe."

"Na yarda da kai."

Kalmomin nan na kwana da su, na tashi da su, na kai su har Huangpu na dawo da su.

To, ga inda na yi abin da na yi. Ina son in fito fes ranar, kuma hulata ta yi laushi. Na je wurin Lukman, maƙwabcina a ofis, aron hula. Lukman mutum ne da in ka ce masa sirri ne sai ya ji kamar ka ba shi saƙo. Ya tambayi ina za a da zanna bukar ranar Lahadi, na ce wani ɗan taro. Ya ce taron me. Na ce na tsofaffi. Ya dubi gemuna da ya yi baƙi wuluk, ya ce, "Oga, tsofaffi ake yi wa wannan fentin?" Daɗi ya ɗebe ni. Shekara da shekaru ba wanda ya zolaye ni a kan mace. Na ce masa akwai wata, kuma za ta yi waƙa, kuma kada ya faɗa wa kowa. Ya rantse. Ban ambaci suna ba, na dai ce mai tuwo ce 'yar Nijar, kamar akwai su goma a unguwar.

Ranar Lahadi bayan La'asar lambu ya cika. An rataya jajayen fitilu na takarda a rassan bishiyoyi, jikoki na guje-guje, tsofaffin mata sun sha kwalliya da hoda. Na tsaya a wurina, farar shadda, jar falmaran, hular aro, mafici a kowane hannu. Wani tsoho ya yi waƙar soja na ɗaga masa rawaya, ya harare ni ya sauka. Wasu mata suka yi rawa da laima. Komai na tafiya daidai.

Sai aka kira ta. Ta fito cikin atamfa shuɗiya mai duhu da babban mayafi ruwan toka, ba jan baki, ba ɗan kunne. Ta zauna a gaban bahon, ta gyara mayafin, ta ɗaga kai ta dube ni. Ta fara bugawa a hankali, ruwan na rawa a gefen roba, gogen Chen ya shigo ta ƙasa. Waƙar da ta yi wa 'yarta ce, wadda take rera mata a waya:

"Saffana, ci tuwonki ko ya huce,
hannun da ya tuƙa na nesa ne."

Ba mai jin Hausa a cikin tsofaffin nan, amma wurin ya yi tsit. Na ga wata tsohuwa ta cire tabarau tana goge ido da gefen riga. Ita kuwa Ruƙayyatu idonta na kaina, ba ta kawar ba.

A nan na ji ƙamshin turare. Irin turaren da ba a sayar wa ɗan China. Na waiwaya, ga su nan sun shigo ta ƙofar gabas, manyan riguna da ƙananan kaya, 'yan Kano da 'yan Maraɗi, Lukman a gaba yana yi mini alama da babban yatsa. Ashe ya sa a guruf ɗinmu na 'yan kasuwa cewa Oga Munkaila zai fito da amarya, a zo a yi kara. Kuma da niyyar alheri suka zo, wannan shi ya fi ci mini rai. A garin da ko ruwan sha da waya ake biya, mutanen nan sai da suka bi ta wurin 'yan canji suka samo sababbin takardun kuɗi, don ba a zuwa wurin waƙa hannu rabbana.

Jan mafici na hannuna na dama. Ɗagawa kawai zan yi, sauti ya mutu, ta ja mayafi ta sauka ta baya, a ce na'ura ce ta lalace. Na san haka a lokacin, ba daga baya na tuna ba. Amma waƙar ba ta kai rabi ba, kuma ni take kallo. Na ce a raina, bari ta ƙarasa wannan baitin.

Kafin baitin ya ƙare Umar Faruƙ ya hau dandamali. Yaro ne mai shagon waya, dogo, gemunsa baƙi ne na Allah. Ya zaro jar takardar kuɗi ya manna mata a goshi. Wani ya biyo shi, wani ya biyo wancan. Wayoyi suka tashi sama. Ta daina waƙar amma hannunta bai daina bugawa ba, kamar hannun bai samu labari ba tukuna. Kuɗi na zamewa daga goshinta suna faɗawa cikin bahon.

Masu karatu, kuna tsammanin a nan na ɗaga ja. Ni ma haka nake tsammanin kaina. Abin da na gani kawai shi ne yaron nan yana tsaye a kanta yana murmushi, jama'a na yi masa shewa. Na ajiye mafici biyun a ƙasa. Na laluba aljihu, ba ni da kuɗin China ko ɗaya, sai wata tsohuwar naira da ta shekara a walat ɗina, irin wadda ko a Kano sai an yi rigima kafin a karɓa. Na hau na ture shi, na manna mata ita a goshi.

Ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce. Da harara ce da na samu abin riƙewa.

Mai kula da na'ura yana ta neman jan mafici a sama bai gani ba, sai da ma'aikatan lambu biyu suka iso da kansu suka zare wayar lasifika. A dokar wurin ba a karɓar kuɗi a kan wasa, da wannan sharaɗin ake ba su izini. Ga kuɗi a ƙasa, ga kuɗi a ruwa, ga mai jar falmaran da kansa a cikin masu bayarwa. Anti Liang ta yi ta bayani tana rusunawa, tsohuwar da ta girmi iyayensu. Suka ce "meyo", wato babu, a tattara. Sauran waɗanda suka yi wata da watanni suna gwaji ba su hau ba. Akwai wani tsoho da ya zo da matarsa a keken marasa lafiya don ta ji shi, na gan shi yana mai da sarewarsa cikin jaka.

Mutanenmu kuwa suka tsaya suna mamaki, wai an karrama mace an ce an yi laifi. Da na juya neman Ruƙayyatu, ba ta nan. Tsinkayen na yawo a kan ruwa.

Kafin Magariba bidiyon ya isa Maraɗi. Kafin Isha ya isa Kano, don Yaya Halimatu ta kira. Ba ta tambayi matar ba tukuna, cewa ta yi, "Munkaila, mene ne yake zubo maka a wuya kamar baƙin mai?" Na sake kallon bidiyon. Rinin ya bi gumi ya gangaro ta wuyana ya shiga farar shaddar, layi biyu. Haka duniya ta gan ni. Sannan Yaya ta ce in dai zabiya nake so ai da na faɗa tun wuri, ta daina wahalar da 'ya'yan mutane. Na ce ba zabiya ba ce. Ta ce to mece ce. Na ce sai mun yi magana, na kife wayar.

Kwana biyu Ruƙayyatu ba ta aika tuwo ko'ina ba, ba ta amsa saƙona ba. A rana ta uku na hau benensu da hantsi. Ƙofar a buɗe take. Manyan tukwanen nan an wanke an kife su a bakin ƙofa, wata 'yar Ghana na ɗaga su tana duba gindinsu. Labulen an cire, katifa a jingine, hoton Saffana da rigar makaranta ne kaɗai ya rage a bango. Na yi sallama daga waje, ta fito da mayafin nan ruwan toka.

Ba ta ce in zauna ba, babu ma abin zama. Ta kunna mini saƙon Tankari. Muryarsa a kwance, ba faɗa, irin muryar wanda aka kawo wa abin da ya daɗe yana jira. Ya ce ya ga sana'ar da matar ƙanensa ta koma, maza na manna mata kuɗi a bainar jama'a. Ya ce ɗiyar Moussa ba za ta tashi a wannan gidan ba, in uwar na son ganinta ta san hanyar Maraɗi.

"Zan kira shi," na ce. "Zan ce ni na jawo, ke ba ki san da zuwansu ba."

"Kai wa, Alhaji? In ya ce kai wane ne gare ni, mi za ka ce?"

Na dubi tukwanen da ke bakin ƙofa.

"Kai ne na cikin hoton," ta ce. "Kai ne wanda ya ture yaro."

Na ce ta ba ni lokaci, za a samu manya su sa baki. Ta ce ta riga ta yanki tikiti. Za ta koma ta zauna a gidan yayarta, unguwa ɗaya da Tankari, ko a hanyar lakkwal, wato makaranta, ta riƙa ganin yarinyar. Abin da ta tara a nan ta tara, wanda ba ta tara ba shi ke nan. Tana faɗa tana naɗe igiyar caja a yatsa tana warwarewa.

"Abu guda na roƙe ka," ta ce. "Guda."

Na buɗe baki in faɗi abin da na daɗe ina shiryawa, wanda na yi wa gemu fenti dominsa. Sai ta shiga ciki ta fito da ƙaramar robar nan da ake kifewa a ruwa, ta miƙo mini, ta ce ta Anti Liang ce, in mayar mata, in roƙar mata gafararta. Na karɓa da hannu biyu kamar an ba ni kyauta. 'Yar Ghanar ta tambayi ko murfin babbar tukunyar na nan, Ruƙayyatu ta juya wurinta, ni kuma na sauko.

Na kai robar lambu. An dakatar da wasan dandamali har sai ofis ya sake zama a kan maganar, ba wanda ya san yaushe. Tsofaffin sun koma ƙarƙashin bishiyoyi, ba lasifika. Na cire falmaran na ninke na miƙa wa Anti Liang. Ta ƙi karɓa. Ta nuna mini tarin kujerun da za a mayar sito, ta ce kafaɗuna dai ba su yi laifin komai ba. Na kwashe su duka. Tsoho Chen ya matsa mini a benci, muka zauna, shi bai goga ba, ni ban yi Sinanci ba.

Na daina rinin. Gemun ya fito kala biyu, fari daga tushe, baƙi a baki, kamar jelar wata dabba. Lukman ya zo ba da haƙuri, na mayar masa da hularsa. Ranar Juma'a hoto bai zo daga Kano ba, karo na farko, kuma abin mamaki sai na ji babu daɗi.

Shekaranjiya jirginta ya tashi. Ban je rakiya ba, ba a gayyace ni ba. Amma da rana, ina tsaye a Huangpu ana loda katan-katan na takalma, wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga gare ta, daga filin jirgi, kuma dogo ne. Tunda muka san juna ba ta taɓa turo mini murya ba, sai hannayen addu'a.

Har yanzu ban buɗe ba. Ina duba shi da safe, in duba bayan Azahar, in sa yatsa a kai in janye. Muddin ban buɗe ba, komai na iya kasancewa a ciki. Wasunku za su ce tsoro ne, kuma ba zan yi musu ba. Amma ina da hujjata, wadda nake lallashin kaina da ita in na kwanta. Mace ba ta yi wa mutum irin kallon nan a banza. Tun daga bugun farko har zuwa lokacin da turare ya shigo, cikin jama'ar nan duka, ba ta dubi kowa ba sai ni. Na maimaita abin a raina ya fi a ƙirga, kullum haka yake.

Tsohon da ya yi waƙar soja ma ni ya yi ta kallo. Duk wanda ya hau dandamalin nan ni yake kallo. Ni ne mai mafici.